Yaron da Ya Daina Tafiya: Nazarin Lamarin Wani Mai Galahanga da Aka Sa wa Dokar Abinci

An sakaya sunan yaron, da na iyayensa, da na asibitin da aka kwantar da shi. Shekarunsa aka yi amfani da su a matsayin ma'aunin lokaci.

Daga haihuwa zuwa shekara 3

Namiji ne, ɗan fari, an haife shi a asibiti a wani babban birnin arewacin Najeriya, cikin wata tara cif, ba tare da tangarɗa ba. Uban ma'aikacin gwamnati ne, uwar malamar firamare. Ya zauna da wata 6, ya taka da wata 13. Yana da wata 18 yana faɗin kalmomi huɗu ko biyar. Kafin ya cika wata 22 duk sun ɓace. A kira sunansa ba ya waiwayowa, amma ko daga ɗaki na uku aka buɗe ledar biskit sai ya taho. Yakan jera murafen kwalba a ƙofar ɗaki, idan aka gusar da ɗaya ya yi ta ihu yana buga kai da bango.

Kakarsa ta wajen uba ta ce nauyin baki gado ne, uban ma sai da ya kusa shiga makarantar allo ya buɗe baki. Wasu a dangi suka ce shafar iska ce. An yi masa ruƙiyya, an ba shi rubutu. Yana da shekara biyu da rabi aka gwada jinsa, kunne lafiya lau. Yana da shekara 3 da wata 2 likitan ƙwaƙwalwar yara ya tabbatar da cewa galahanga ce, wato lalurar da ke shafar magana da mu'amala, ta sa yaro maimaita abu ɗaya da ƙin sauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita. Likitan ya gaya wa iyayen ba ta da maganin sha da ke kawar da ita, horo da koyarwa ne ke taimakawa. Uwar ta ce wannan maganar ce ta fi tsaya mata a rai, domin ta fito daga ɗakin likita da suna amma hannu rabbana.

Abincinsa kafin a taɓa shi

Yana da shekara 3 da wata 6, nauyinsa kilo 14.6. Abin da yake yarda ya ci guda bakwai ne: burodi, shayi da madara, indomie, biskit, yogot, farar shinkafa ba miya, sai wani lemon kwali na ruwan lemo, shi ma na kamfani ɗaya tak. Kusan duka farare ne ko masu ruwan ƙwai, masu laushi, waɗanda ɗanɗanonsu na yau shi ne na gobe. Miya, nama, wake, 'ya'yan itace, ko a faranti ya gan su sai ya ture. Kakar ta sha gwada ɗura, ya amayar, daga baya ko cokali ya hango a hannunta sai ya shige ƙarƙashin gado.

Bayan gida yakan yi sau ɗaya a kwana huɗu ko biyar, da ƙyar, da kuka. Yakan farka wajen ƙarfe biyun dare, ba zai koma ba sai an kira assalatu.

Dokar farko: babu alkama, babu madara (shekara 3 da wata 7)

Ta hanyar wata uwa mai yaro irin nata aka haɗa uwar da wata mata mai sayar da kayan ƙarin abinci na ƙasar waje. Matar ta yi mata bayani cewa hanjin waɗannan yaran na yoyo, furotin ɗin alkama da ake kira gulutin da na madara da ake kira kasin ba sa narkewa sosai, sai ɓarɓashinsu ya shiga jini ya bugar da ƙwaƙwalwa kamar kayan maye. Wannan bayani ba ita ta ƙirƙiro shi ba. Tun 1979 masanin ƙwaƙwalwa Jaak Panksepp ya kawo hasashen, likita Kalle Reichelt na ƙasar Norway ya faɗaɗa shi, sannan wani gangamin iyaye da likitoci da cibiyar Bernard Rimland ta kafa a Amurka a 1995 ya yaɗa shi ko'ina, haɗe da tarin magunguna da gwaje-gwaje.

A rana ɗaya aka cire burodi, indomie, biskit, yogot da madarar shayi. Cikin bakwai saura shinkafa, lemon kwali, da baƙin shayi. Kwana uku yana kuka yana jan uwar zuwa inda ake ajiye burodi. An riga an gaya mata hakan zai faru, wai alamar maye ne ke sakinsa, don haka ta daure. A rana ta huɗu ya karɓi koko, bayan mako biyu ya karɓi waina busasshiya.

A cikin watan nan ne kuma aka sa shi a wani aji na yara masu buƙata ta musamman, sau uku a mako.

Daga mako na biyu zuwa na shida uwar ta ga sauyi. Bayan gida ya dawo kwana biyu zuwa uku. Yana kallon idonta fiye da da. Sau biyu ya ce "ba ni". Uban ma ya shaida cewa ihun ya ragu.

Doka ta biyu da kayan kwalba (shekara 3 da wata 9 zuwa 11)

Bayan mako shida ci gaban ya tsaya cik. Mai kayan ta ce yis ne ya yi yawa a hanji, kuma sukari ke ciyar da shi. Aka cire sukari da duk abin zaƙi, lemon kwalin ya tafi. Aka kawo kwalabe shida: bitamin B6 da maganiziyam, man kifi, ƙwayoyin gyaran hanji, garin bitamin iri-iri, da wasu biyu da babu lambar NAFDAC a jikinsu. Kuɗinsu ya kusa albashin uban na wata biyu. Man kifin kaɗai ke shiga, shi ma sai an danne yaron. Garin bitamin ɗin an zuba masa a koko sau ɗaya, ya ji ɗanɗanon, ya ƙaurace wa koko kwana biyar, dole aka haƙura da shi.

Sai nonon raƙumi. Wata ƙanwar uban ce ta samo shi, ɗanye, aka ce tafasawa na kashe maganin. An yi 'yan ƙananan gwaje-gwaje a kansa a Saudiyya, na makonni kaɗan da yara kaɗan, su ne masu tallarsa ke kafa hujja da su. Babu wanda ya lura cewa nonon raƙumi ma yana da kasin ɗin da ake gudu. Kwana goma yaron ya sha, gudawa ta kama shi, aka ce dauɗa ce ke fita. Uban ya ce a tsayar. Ɗanyen nono, na raƙumi ko na saniya, na iya ɗauke da ƙwayar cutar da makiyaya ke kira bakkale, mai sa zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi na watanni. Daga baya an gwada yaron, bai kamu ba.

Aka kuma yanki gashinsa aka aika waje. Takarda ta dawo da jajayen layuka, wai zaiba da dalma sun yi masa yawa, kuma allurar rigakafi ce silar. Nan take uwar ta dakatar da rigakafin ƙanwarsa mai wata 8. Mai kayan ta ce mataki na gaba shi ne maganin janye ƙarfe daga jini.

A nan uban ya nemi shawarar wani abokinsa likita da ya san aikin gubar dalma na Zamfara. A 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, yara kusan 400 suka rasu sakamakon dalmar da ke cikin duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje, kuma da irin wannan maganin ne ƙungiyar likitocin MSF ta ceci dubbai. Amma can jini ake aunawa, ba gashi ba, kuma sai dalma ta kai maikirogiram 45 a kowace desilita ake fara shi, domin maganin ba ya tantance ƙarfen da zai ɗauka, yana iya kwashe har da wanda jiki ke buƙata. Likitan ya ba uban labarin wani yaro ɗan shekara 5 mai galahanga da ya rasu a ofishin likita a jihar Pennsylvania ta Amurka a watan Agustan 2005, ana cikin yi masa wannan wankin ta jijiya, sinadarin ya janye masa kalsiyam zuciyarsa ta tsaya. Uban ya ƙi. Sun yi kwanaki ba sa ga maciji da uwar a kan haka.

A ƙarshen wannan zangon abincin yaron uku ne: farar shinkafa, koko ba sukari, waina. Sai baƙin shayi da ruwa.

Ƙafa ta ƙi (shekara 4)

Kimanin mako 11 da cire lemon kwalin ya fara ɗingishi. Cikin kwana goma ya daina tsayawa. Yakan kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe a buɗe kamar kwaɗo, a taɓa cinyarsa ya ƙwalla ƙara. Yaron da ba ya magana ba zai ce ga inda ke ciwo ba, saboda haka kowa ya faɗi nasa. A kemis aka ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro da na kashe ciwo. Mai ɗori ya duba ya ce targaɗe ne, ya murza, kukan ya ƙaru. Mai kayan ta ce ƙarafan da aka ƙi wankewa ne suka sauka a ƙafa.

A asibitin farko an bi abin da ya kamata a fara zargi a ƙasarmu. Aka gwada sikila, jininsa AA ne. Aka sanar da jami'in sa ido kan shan inna, kamar yadda ake yi wa duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafa ta saki farat ɗaya, aka ɗauki bayan gida sau biyu, babu ƙwayar. Aka zaci ƙwayar cuta ce ta shiga ƙashi, aka ba shi maganin kashe ƙwayoyi na kwana goma. Babu sauyi. Ana cikin haka dasashinsa ya kumbura ya yi shuɗi-shuɗi, yana jini ko an taɓa ko ba a taɓa ba, wasu jajayen ɗigo-ɗigo suka feso a ƙwaurinsa. Likitan ya ji tsoron sankarar jini, ya tura su babban asibiti.

A duk wannan yawo babu wanda ya tambayi me yaron ke ci, uwar kuma ba ta faɗa ba, don a ganinta abincin ne kaɗai abin da ke tafiya daidai.

Kwanciya a asibiti (shekara 4 da wata 1)

Nauyi kilo 12.9, wato ya zubar da kilo 1.7 cikin wata bakwai a shekarun da ya kamata ya ƙara. Ma'aunin jini na PCV kashi 25 cikin 100. Fararen ƙwayoyin jini da masu tsayar da jini daidai suke, wannan ya rage fargabar sankara. Babu zazzaɓi. Dalma a jini maikirogiram 3, an auna ne don kawar da shakku, kuma saboda an taɓa sa masa kwalli yana jariri.

A rana ta biyu wata likita mai neman ƙwarewa ta zauna da uwar ta ce, "Hajiya, ki lissafa min duk abin da ya shiga bakinsa jiya da shekaranjiya, har ruwa." Lissafin bai cika layi uku ba. Ta tambayi yaushe rabonsa da ɗan itace ko ɗanyen ganye, uwar ta ce bai taɓa ci ba. Lemon kwali fa? Wata huɗu ke nan.

Hoton ƙashin gwiwa ya nuna ƙashi ya yi shara-shara, da wani farin layi mai kauri a bakin inda ƙashi ke tsiro. Aka ce sikobi ce, cutar rashin bitamin C. Jikin ɗan Adam ba ya ƙera wannan bitamin, ba ya kuma ajiye shi da yawa. Wata ɗaya zuwa uku babu shi, alamu sun fara. Da shi jiki ke haɗa zaren da ke riƙe jijiyoyin jini da dasashi da fatar ƙashi. Idan babu, jini na tsattsafowa a ƙarƙashin fatar ƙashin, wannan ne azabar da yaron ke ji. Ciwon matuƙan jirgin ruwa ne na zamanin da, wanda likita James Lind ya gwada lemo a kansa da mutum 12 a 1747. Abin da yaro ɗan shekara 4 zuwa 8 ke buƙata miligiram 25 ne a rana, rabin lemo guda ya biya. Shinkafa, gero da baƙin shayi ba su da shi ko kaɗan.

Ba a samu inda za a auna bitamin ɗin a jini a kusa ba, sai aka fara magani aka zuba ido: miligiram 100 sau uku a rana na mako ɗaya, sannan 100 a rana har wata uku. Ana daka ƙwayar a narka a ɗan ruwa, a ba shi da sirinji ta gefen kunci. Rana ta uku ya bari aka miƙe masa ƙafa. Rana ta shida ya dafa gado ya tsaya. Rana ta goma sha biyu ya taka zuwa ƙofa. Dasashi ya daina jini cikin mako biyu. Kuɗin ƙwayoyin gaba ɗaya bai kai na kwalba ɗaya cikin shidan nan ba.

Aka haɗa masa da maganin ƙarin jini na ayon, wato sinadarin ƙarfe, na wata uku, aka hana shayi kusa da lokacin abinci tunda yana tare ayon, aka ba shi maganin tsutsar ciki. Da aka shafa cikinsa aka ji bayan gida ya taru ya yi tauri, aka sa shi a kan laktulos, maganin sassauta bayan gida, kullum. Cikin mako uku yana fita kowace rana ko bayan kwana ɗaya. Farkawar dare ta ragu daga kullum zuwa sau ɗaya ko biyu a mako, buga kai ya ragu ƙwarai. An yi niyyar gwada maganin barci na melatonin, wanda yake da hujja mai kyau a kan rashin barcin masu galahanga, amma ba a kai ga buƙatarsa ba.

Mayar da abin da aka cire (wata na 2 da na 3 bayan sallama)

Uwar ta ji tsoron mayar da alkama da madara, kuma ba a yi mata dole ba. Aka yi yarjejeniya: abu ɗaya a lokaci ɗaya, mako biyu-biyu, malamar ajinsa kuma za ta riƙa rubuta halinsa kullum ba tare da an gaya mata ranar da aka sauya komai ba. Yogot aka fara, kofi ɗaya a rana. Sai burodi. Da aka ɗora littafin malamar a kan kalandar uwar, ranakun rigima da na natsuwa sun warwatsu ko'ina, ba su bi yogot ba, ba su bi burodi ba. Abin da suka bi shi ne daren da bai yi barci ba da ranar da bai yi bayan gida ba. Bayan mako shida yana cin alkama aka yi gwajin cutar siliyak, wadda ita ce ainihin cutar da ke wajabta barin gulutin har abada, ba shi da ita. Madara an taƙaita ta, kada ta wuce kofi biyu a rana, saboda yawanta na cika ciki ta kuma taimaka wa taurin bayan gida.

Ƙanwar ta koma rigakafi. An yi wa uwar bayanin cewa binciken Andrew Wakefield na 1998, mai yara 12, wanda ya haddasa zargin cewa rigakafi na jawo galahanga, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, an kuma soke lasisin likitan. Sannan wani bincike a Denmark da aka buga a 2019, mai yara sama da 650,000, bai ga alaƙa ba.

Faɗaɗa faranti (wata 3 zuwa 11)

Wannan ne aikin da ya fi cin lokaci. An hana ɗura kwata-kwata. Ana ajiye sabon abu ɗan mitsitsi a wani faranti daban kusa da nasa, ba a ce ya ci ba. Ya kalla, ya taɓa, ya shinshina, ya lasa, kowanne mataki ne, wani abincin sai an kawo shi sau goma sha biyar. Kuma ana tashi ne daga abin da ya sani zuwa mai kama da shi: daga waina zuwa sinasir, zuwa ƙosai, zuwa alale, daga farar shinkafa zuwa mai ɗigon mai, zuwa mai ɗigon romo.

Dabarar da ta fi kowacce kakar ce ta kawo ta. Da ta ji ana neman abu fari mai bitamin C, ta ce ai ga garin 'ya'yan kuka, kwalba da nono. A jiƙa a ruwan sanyi, a tace, a dama da yogot, launinsa bai sauya ba. Ya sha tun karon farko. Ba a dafa shi, don wuta na lalata bitamin ɗin. Gwaiba, wadda ta ninka lemo wajen bitamin C, har yau bai yarda da ita ba saboda ƙwallayen. Lemon kwalinsa ya dawo, rabin kofi.

A gefe guda mai koyar da magana ta fara masa katunan hoto: kofi, burodi, banɗaki, da hoton yaro riƙe da ciki.

Yana da shekara 5

Nauyi kilo 16.4. PCV kashi 35. Abinci iri 14, ciki har da ƙwai, ƙosai, ayaba da dambun nama. Yana gudu, yana hawa bishiyar gidan. Kalmomi kusan 20, da kati kusan 30. Har yanzu yana jera murafen kwalba, yana toshe kunne idan an tada injin markaɗe, ba ya wasa da yara sai dai a gefensu. Galahangarsa na nan.

Abin da za a iya cewa

Sauyin da uwar ta gani a makonnin farko ba mafarki ba ne. Sai dai abubuwa uku sun faɗo a wata ɗaya: an cire madara mai yawa daga yaron da cikinsa ke cushe, an sa shi a aji, kuma uwar ta koma zama da shi a kan kowane cin abinci. Dokar abincin ce ta kwashe yabon duka. Da aka raba su daga baya, ba ta riƙe ba. Haka aka gani a Jami'ar Rochester, a binciken da Susan Hyman ta jagoranta aka buga a 2016: yara 14 da ke kan dokar, ana ba su gulutin ko kasin ko abin da babu komai a ɓoye har mako 12, ba a ga bambanci a ɗabi'a ko barci ba. Yaran kaɗan ne, gaskiya, amma tun 2013 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin magani a Birtaniya, ta ce kada a yi amfani da dokar cire abinci don magance ainihin alamun galahanga, kuma kada a yi wankin ƙarfe sam. Mu a nan ma muna da abin dubawa a gida. Yaron ƙauye da ya tashi a kan tuwon dawa da kunun gero kusan bai san alkama ba, kuma ana samun galahanga a ƙauye.

A ganina illar ba ta fito daga rashin burodi ba. Ta fito ne daga cire abinci ga yaron da bakwai kawai yake ci, ba tare da wani ya zauna ya lissafa me kowanne ke ba jikinsa ba. Lemon kwalin da kowa zai raina shi ne zaren da ke riƙe da shi. A Rochester akwai masu kula da abinci da ke bin kowane yaro. A nan mai sayarwa ce likita, kuma duk abin da ya faru, kuka ko gudawa ko ɗingishi, tana da fassarar da za ta sa a ƙara sayen wani abu.

Ba na ɗora wa uwar laifi. An sallame ta daga ɗakin likita da cewa babu magani, alhali ɗanta na da abubuwa uku masu magani tun ranar: taurin ciki, rashin barci, da faranti mai abu bakwai. Da an kama waɗannan tun yana shekara 3, da wuya ta je neman kwalabe. Asibitin farko ma ya yi gwaje-gwaje masu kyau, ya bar tambayar da ba ta cin ko sisi.

Ana ganinsa yanzu duk wata uku, a auna nauyi, a duba dasashi, uwar ta zo da lissafin abincin kwana uku a rubuce. Kwalabe biyu daga cikin shidan suna nan a saman firjinta ba a buɗe ba, ta ce ta kasa zubarwa saboda kuɗin da suka ci. Abin da ake kai a yanzu shi ne miyar kuka, an kai matakin lasa.